Dutsen Tozali: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ya Samu a Ƙasarmu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa duwatsu a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, akwai wani dutse da yake shigowa gidajenmu a nan Talata Mafara da Bakura da Maradun, wani lokaci a aljihun saurayin da ya dawo daga wurin haƙar zinariya, wani lokaci a gindin buhu, wani lokaci kuma a ƙullin tsohuwa. Ba shi da girma, amma in ka ɗauka sai hannunka ya yi ƙasa don nauyi. Launinsa toka-toka ne mai duhu, in ya fashe kuwa sai ka ga yana walƙiya kamar sabon cokali. Wasu su ce azurfa ce. Wasu su ce daga sama ya faɗo. Wasu kuwa su ce ai tozali ne, a niƙa a sa wa jariri. To, waɗannan na ƙarshe sun san sunansa, amma abin da suke yi da shi akwai babbar matsala, kuma za mu zo kanta.

Masana ilmin ƙasa suna kiran wannan dutse galina. Abu biyu ne suka haɗu suka yi shi, watau dalma, wadda Larabawa ke kira rasas, da farar wuta, wadda suke kira kibrit. In ka kasa nauyinsa kashi 100, to wajen kashi 86 dalma ce zalla. Daga gare shi duniya take samun mafi yawan dalmar da ake haƙowa, irin wadda ake zubawa a batirin mota. Masu cewa azurfa ce ba su yi nisa ƙwarai ba, domin sau da yawa akan sami 'yar azurfa kaɗan a ɓoye cikinsa, sai dai walƙiyar da ido ke gani ba tata ba ce.

Abu na farko da ake gane shi da shi nauyi ne. Kada ka ɗauka wannan wani sabon ilmin Turawa ne da ba mu da hannu a ciki. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan duwatsu masu daraja da ƙarafa mai suna Kitabul Jamahir, kuma ya riƙa auna nauyinsu da wani ɗan kasko mai bututu da ya ƙera. Sai ya cika kaskon da ruwa, ya jefa abin da yake son gwadawa, ya tare ruwan da ya malalo ya auna. Lissafin da ya samu ya yi kusa ƙwarai da abin da na'urorin yau suke nunawa. Hikimar ita ce, ruwan da ya zubo girmansa daidai yake da girman dutsen. Saboda haka in ka raba nauyin dutse da nauyin ruwan da ya kora, ka san sau nawa ya fi ruwa nauyi. Dutsen da muka saba gani, irin na niƙa ko na gini, yakan fi ruwa sau biyu da rabi zuwa sau uku. Galina yakan fi ruwa sau bakwai da rabi. Zinariya tsantsa kuwa sau 19. Ko ba ka da sikeli, ka riƙe shi a hannun dama, ka riƙe tsakuwar da ta kai girmansa a hannun hagu, hannu da kansa zai ba ka labari.

Sa'an nan ka dubi siffarsa, don a nan ne ya fita daban. Dutsen gida in ya fashe, ko ta yaya yakan fashe, ba tsari. Shi galina ba haka yake ba. Duk inda ya tsage sai ka ga fuska a miƙe sumul, da kusurwa daidai wa daida, kamar ƙwayar magi ko sukari mai iyali. In gutsuren ya sake fashewa, ƙananan ma haka za su fito, har ka ga gefensa ya yi hawa-hawa kamar matakalar bene. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin zarra na dalma da na farar wuta a jere suke cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, sahu-sahu, ta tsawo da faɗi da tsayi, kuma in zai rabu tsakanin sahu yake bi. Gishiri ma irin wannan jeri gare shi, shi ya sa in ka ƙura wa ƙwayar gishiri ido za ka ga mai kusurwa huɗu ce. Amma fa ba na ce ka ɗauko guduma ka fasa don ka gani ba. Ka dubi inda ya riga ya fashe, ya ishe ka.

Ga shi da laushi kuma. Ƙusa tana karce shi ba wuya, farce ma ya kusa kama shi. In aka goga shi a gindin kofin tangaran, wurin nan da ba shi da santsi, zai bar zane mai launin toka kamar na fensir. Maganaɗisu ba ya jan sa ko kaɗan. Babba ne ya kamata ya yi wannan gwaji, a waje, sa'an nan ya wanke hannu da sabulu, kofin kuma kada a sake shan komai da shi.

Akwai 'yan'uwansa da ake rikita su da shi, ko a rikita su da zinariya, kuma galibi a rami ɗaya suke kwana. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne wani mai launin rawaya kamar tagulla, shi ma mai kusurwa huɗu. Turawa suna ce masa farait, malaman Larabawa na da suna kiran irinsa marƙashisa. Ƙarfe ne da farar wuta. Sau nawa aka sayar wa baƙo da shi da sunan zinariya! Alhali rarrabe su ba wuya. Farait yana da tauri, ƙusa ba ta kama shi, in an doke shi sai ya ruguje ya zama gari, zanensa a tangaran baƙi ne mai ɗan kore, nauyinsa kuma sau biyar ne kawai na ruwa. Zinariya kuwa in ka doke ta ba ta fashewa, sai dai ta baje kamar an taka danƙo, allura tana shiga jikinta, zanenta rawaya ne, kuma launinta ba ya canzawa ko a rana ko a inuwa. Akwai kuma ɗan ƙyalƙyalin nan da yara ke gani cikin yashin gulbi bayan ruwa ya janye. Wannan maika ce, ɓawo-ɓawo take, ba nauyi, in ka hura sai ta tashi.

Masu cewa daga sama ya faɗo su ma bari mu ba su haƙƙinsu, domin dutse yana faɗowa daga sama, kuma ya taɓa faɗowa kusa da mu. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin wajen kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami, a ƙasar Faskari ta Jihar Katsina, daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mirriku ya fito, wadda Turawa ke kira Mas. Amma irin waɗannan duwatsu bayansu yana da wata siririyar fata baƙa kamar ta ƙonanniyar tukunya, saboda zafin da suka sha wajen ratsa iska, mafi yawansu maganaɗisu yana jan su, kuma ba sa tsagewa kusurwa-kusurwa. In ka ga mai matakala yana walƙiya, to ɗan ƙasa ne, ba baƙo ba.

To, yaya aka yi ya samu? A nan sai ka ɗan yi haƙuri da ni, don sai mun dubi ƙasar da muke takawa tukuna.

Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya san ƙasa tana canzawa a idonsa. Daga Kwatarkwashi da Gusau da Bungudu da Maru, manyan duwatsu ne da fako da falale. Da ka wuce Mafara ka nufi Bakura da Tureta, sai duwatsun su yi ta raguwa, ƙasa ta kwanta, ka shiga yashi da tsakuwa da yumɓu da marmara. Ba banza ba. Mu a nan muna zaune ne a bakin iyakar ƙasa iri biyu. Ta gabas da kudu akwai tsohon dutse, wanda masana ke ɗauka shi ne harsashin ƙasar. Ta yamma da arewa kuwa wannan harsashi ya nutse, an lulluɓe shi da abin da ruwa ya kwaso ya shimfiɗa a kansa hawa-hawa. Shimfiɗar farko suna kiranta da sunan Gundumi, wurin nan da ke kan hanyar Isa, kuma yashi ne da tsakuwa da yumɓu na tsofaffin koguna da tafkuna. A cikinta akan tsinci guntun itace da ya rikiɗa ya zama dutse, da zanen jikinsa da komai. In ka ƙara yin yamma har Sakkwato, sai ka tarar da farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, cike da ɓawon halittun teku, shaidar cewa teku ta taɓa kwanciya a wurin wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, bisa ƙiyasin masana. Ibn Sina ma, a littafinsa Asshifa, ya yi magana a kan yadda laka take daskarewa ta zama dutse, da yadda wurin da yake tudu yau zai yiwu teku ce a da.

Galina da zinariya ba a wannan shimfiɗa ta Bakura aka haife su ba. Gidansu tsohon dutse ne. A cikin tsohon dutsen akwai wasu dogayen zirare da suka miƙe daga kudu zuwa arewa, na wani dutse mai ɓarewa fale-fale kamar shafin littafi. Ɗaya ana kiransa zirin Anka, ɗaya zirin Maru, akwai kuma na Zuru da na Birnin Gwari. Asalinsu laka ce da yashi da aman dutse da suka taru a ƙarƙashin ruwa tun zamani mai nisa. Wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, manyan ɓangarorin ƙasa suka matso suka haɗu, suka matse abin da ke tsakaninsu. Laka ta gasu cikin zafi da danniya har ta zama wannan dutse mai shafi. Narkakken dutse ya taso daga ƙasa ya daskare kafin ya iso sarari, shi ne asalin manyan duwatsu irin na Kwatarkwashi, waɗanda sai daga baya ruwa da iska suka kwashe abin da ya rufe su suka bayyana. Ƙasa kuma ta tsattsage, wata tsagar tana da tsawon ɗaruruwan kilomita, kamar wadda ta bi ta Anka ta nufi Yawuri.

Yanzu ga inda maganar take. A can ƙasa, nisan kilomitoci, akwai ruwa a cikin dutse, mai zafin da ya kai digiri 200 zuwa 400, amma nauyin da ke kansa ya hana shi tafasa ya tsere. Ka san kanwa ta fi saurin narkewa a ruwan zafi. To irin wannan ruwa, ga zafi ga gishiri ga farar wuta, yana narkar da abin da ruwan rijiya ba zai taɓa narkarwa ba. Yana ratsa dutse yana tsintar zinariya ƙwaya-ƙwaya, da dalma, da ƙarfe, da tagulla, da sinadarin da ake yin farin dutse da shi. Da ya sami tsaga sai ya bi ta ya yi sama. Yana hawa yana hucewa, danniya tana raguwa, har ya kasa riƙe kayan da ya ɗauko, sai ya fara sauke su a bangon tsagar. Ka dubi cikin butar mai shayi da ta daɗe a wuta, za ka ga wani farin abu ya manne ya yi kauri. Haka nan ne, sai dai wannan an ɗauki dubban shekaru ana yi, tsaga tana buɗewa tana cikewa. Abin da ya fi yawa cikin kayan shi ne farin dutsen nan mai tauri da wasu ke kira ƙanƙara, wanda in an ƙyasta shi da ƙarfe yake ba da wuta. Shi ne za ka gani ya ratsa baƙin dutse kamar jijiya. A cikinsa dalma ta kama farar wuta ta zama galina, ƙarfe ya kama farar wuta ya zama farait, ita kuwa zinariya da ba ta son haɗuwa da kowa ta zauna ita kaɗai, ƙanana-ƙanana, sau da yawa ido ba ya ganinta. Ɗalibin da ya kai Suratu Faɗir ya koma aya ta 27 ya ga yadda aka ja hankalinmu ga zirare da launukan da ke jikin duwatsu, sa'an nan ya je ya dubi irin wannan jijiya da idonsa.

Ka ga ke nan ruwa ɗaya ne ya kawo su, tsaga ɗaya suka sauka. Shi ya sa a wasu ramukan Anka ba yadda za a yi ka ɗebo zinariya ba ka ɗebo dalma tare da ita ba. Ba kowane rami ne haka ba, wata jijiyar dalmarta kaɗan ce, wata kuwa ta yi yawa ƙwarai, kuma ramuka biyu na iya zama kusa da juna amma su bambanta.

Wannan bayani yana da amfani ga mutumin Bakura ta wata fuska. Galina mai laushi ne, mai saurin fashewa, ba ya jure doguwar tafiya a gulbi kamar yadda farar tsakuwa da zinariya suke jurewa. Saboda haka in ka tsinci dunƙulensa a gona ko a bayan gida a ƙasar yashi, mafi rinjayen zato mutum ne ya kawo shi, sai ka bincika ko an taɓa daka dutse a wurin. Baƙin dutse mai nauyi da aka fi tsinta a irin wannan ƙasa tama ce, wadda maƙeran da suke narkarwa su fitar da ƙarfe. Ita ba ta walƙiya, ba ta da kusurwa, kuma zanenta a tangaran ja ne ko ruwan ƙasa.

Sai dai akwai wani abu da ya wajaba in faɗa maka, don kada ka karanta wannan ka ɗauka ka gama sanin dalma. Duk alamomin da na lissafa na galina ne sabo, wanda aka ciro daga zurfi. Wanda yake kusa da sarari, ruwan sama da iska sun yi shekaru aru-aru suna cin sa, har ya canza kama ya zama wani abu fari-fari ko toka-toka, ba walƙiya ba kusurwa, ya cakuɗe da jar tsatsar da farait ya bari. In ka gan shi sai ka ce ƙasa ce kawai. Masana daga hukumar binciken ƙasa ta Amurka da suka gwada dutsen ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun tarar da cewa dalma mai yawa a irin wannan kama take, kuma wannan ta fi galina saurin narkewa a cikin ciki. Watau wadda ba a gani ta fi wadda ake gani haɗari. Ganin galina a buhu shaida ce cewa akwai dalma. Rashin ganinsa kuwa ba shaidar komai ba ne.

Abin da ya faru a shekarar 2010 duk mun ji shi, wasunmu ma da 'yan'uwansu a ciki. Haƙar zinariya ba sabuwa ba ce a ƙasar nan, an yi ta tun zamanin Turawa, ta yi ƙarfi a shekarun 1930, ta lafa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma farashinta da bai kai dala 300 ba a kan kowace oza a 2001, ya haura dala 1,000 kafin 2010, sai mutane suka koma ramuka. Aka riƙa kawo dutse cikin gari, a fasa da guduma a tsakar gida, a daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi, a shanya garin inda yara ke rarrafe. A wasu ƙauyuka agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sa'an nan yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga da sanƙarewa. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne, aka zaci sanƙarau ne, magani bai yi ba. A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura da abin, gwajin jini ya nuna dalma ce. A ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, masu bincike sun ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, suka tarar 118 daga cikinsu sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da aka rasa a yankin ta kai 400 ko fiye. Inna lillahi. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa a Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Daji da wasunsu, Bagega kuwa sai a 2013 aka yi mata. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Me ya sa yara? Domin yaro hannunsa kullum a ƙasa yake, daga ƙasa sai baki. Kuma jikinsa yana gina ƙashi da ƙwaƙwalwa, yana neman sinadarin da ake gina ƙashi da shi, sai ya ɗauki dalma a madadinsa don sun yi kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da cikin yaro yake tsotsa na dalmar da ya haɗiya ya ninka na babba sau huɗu zuwa biyar, kuma ba wani gwargwado nata da za a ce ba ya cutarwa. Takan kwanta a ƙashi shekara da shekaru, mace in ta sami ciki ta fito ta shiga jini ta isa ga ɗan tayi. Akwai maganin da ke fitar da ita daga jini, amma abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Wannan shi ya fi damuna a matsayina na mai koyarwa. Wanda ya mutu an ƙidaya shi. Amma yaron da ya rayu, ya zo makaranta, aka biya masa aya sau ashirin bai riƙe ba, aka ce masa daƙiƙi har aka ɗaga masa bulala, wa ya ƙidaya shi? Ba na cewa duk mai nauyin hadda dalma ce ta taɓa shi, ko kusa. Amma malamin da ya san ɗalibinsa daga gidan da ake daka dutse ya fito, ya kamata ya kira uban ya ce a kai yaron a gwada jininsa kafin a yanke masa hukunci.

Mu dawo kan tozali, wanda mutanen Kano ke kira kwalli. Na san za a ce, Malam, ai sa tozali sunna ne. Gaskiya ne hadisai sun zo da ambaton ismid da yabonsa. Amma ismid da malaman lugga da na magani suka siffanta, wanda akan ce mafi kyawunsa na Isfahan ne, an fassara shi da dutsen wani ƙarfe daban da ake kira antimoni. Shi wannan in ka gan shi tsinke-tsinke yake kamar an ɗaure allurai, nauyinsa bai kai sau biyar na ruwa ba, kuma ɗan siririnsa yana narkewa a harshen kyandir. Abin da aka fi sayarwa a kasuwanninmu da sunan tozali kuwa, ka dube shi da kyau kafin a niƙa, za ka ga matakalar nan da kusurwar nan. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, da aka bincika sai aka tarar daga tozalin da ake sa masa ne, kuma da aka gwada tozalin, fiye da kashi 82 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murza ido, yana tsotsar yatsa, shi ke nan ta shiga. Ke 'yar'uwa mai jego, da ke kaka mai wankan jariri, ba wanda ya ce kun yi da mugun nufi, abin da kuka gada ke nan. Amma sunan abu ba ya mayar da shi abin da aka yaba, kuma ƙa'ida ce sananniya wurin malaman fiƙihu cewa abin da cutarsa ta tabbata ana kawar da shi. Ni dai a ganina, tozalin da ba a san asalinsa ba kada ya kusanci idon yaro, kuma da yake garin galina da na ismid ido ba ya rarrabe su, barin sa wa jarirai gaba ɗaya shi ya fi.

Ban rubuta wannan don in haramta wa kowa neman halalinsa ba. Littattafanmu na Malikiyya sun san ma'adinai, har Risala ta yi bayanin zakkar abin da aka haƙo na zinariya in ya kai nisabi, ana fitarwa ranar da aka samu ba sai shekara ta kewayo ba. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a Zamfara a 2019 saboda rashin tsaro, ta ɗage hanin a Disamba 2024, kuma kowa ya san talauci bai bar samarinmu sun zauna ba ko a tsakanin nan. Tun da za a je, to dutse ya tsaya a daji. Kada a kawo shi gari, kada a daka shi a turmin abinci, kada a kai shi injin da ake niƙa dawa. A jiƙa shi da ruwa kafin a fasa ko a niƙa, don ƙura ita ce abokiyar gaba, kuma jiƙawa tana rage ta ƙwarai. Mai aiki ya yi wanka ya canza tufafi da takalmi a can kafin ya shigo gida ya ɗauki ɗansa. Buhun da aka zuba dutse kada a sake zuba hatsi a ciki. Mai ciki da yaro ba su da abin yi a wurin niƙa.

In kuwa dutse ya shige maka duhu, ka ƙulle shi a leda, ka rubuta inda aka samo shi, ka ajiye inda yaro ba zai kai ba. Akwai sashen ilmin ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya kuma tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Akwai wata na'ura da ake riƙewa a hannu, a ɗora bakinta a kan dutse ko ƙasar tsakar gida, kafin minti ɗaya ko biyu ta nuna yawan dalmar da ke ciki. Da irinta aka bi gidajen Dareta da Bagega ɗaki-ɗaki, aka san inda za a kankare da inda za a bari.